Wanda Ya Ɗaga Dutse Shi Zai Karanta

A ajinmu na yamma, inda muke koyon aikin jarida, ni ne mafi tsufa, ni ne kuma mafi ƙarancin magana. 'Yan ajin Baba Ayuba suke kirana. Ranar da malami ya ce kowa ya faɗi abin da yake yi da safe, na ce ina sayar da jarida a Kakuri. Wata yarinya da ke zama a gabana ta juyo ta ce, "Kai Baba, ka ji daɗinka. Zama a inuwa, karatu kyauta, a kuma biya ka." Aji ya kwashe da dariya. Na yi niyyar ba ta amsa, amma kafin in gama jera jimlar farko a kaina an tashi. Haka nake tun ina yaro. Shi ya sa na rubuta.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya sa ni ba sayar da jarida ba ne. Buhu ya ba ni, ya ce in je bakin kogi in ɗebo duwatsu. Na cika buhun na dawo ina nishi, ya zazzage su a ƙasa yana juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen doya.

"Wannan zai yaga takarda," in ji shi. "Wannan iska za ta tafi da shi har da jaridar. Wannan kuma, in gardama ta yi zafi, da shi za a fasa kan wani."

Kaɗan ya ware: masu faɗi, masu santsi, daidai tafin hannu. Ya sa na wanke su na shanya, don dutse mai ƙasa yana barin tabo, kuma ba wanda ke sayen jarida mai tabo. Sauran ya ce in mayar inda na ɗauko su. Na ɗauka wasa yake. Ba wasa yake ba.

Daga baya ya gwada ni a titi. A lokacin mai jarida yana rungume da kayansa a hannu ɗaya, ƙahon roba a ɗayan, yana ratsa motocin bas yana rangaɗa kanun labarai. Ni murya ta ƙi fita. Da rana ta yi Malam Garba ya zo duba ni, ya same ni a gindin wata bishiya na buɗe jarida ina karanta sharhin edita, ƙahon yana aljihu. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ba ɗan titi ba ne, ɗan tebur ne." Tun ranar nake bayan tebur.

Shimfiɗa tebur shi ne abin da mai wucewa ke gani kamar ba komai. Jaridun da ba sa ga maciji da juna su ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, domin mutum ya ga wannan ta ce an samu nasara, ta kusa da ita ta ce an sha kunya, a kan taro ɗaya. Na ƙwallo can ƙarshe ake kai su, nesa da na siyasa, in ba haka ba hayaniya biyu za su haɗu. Tamfol yana naɗe a ƙarƙashin tebur, kuma idonka ɗaya yana kan gabas, don hadarin Kaduna ba ya sallama. Sai kuma ajiye dutsen. Ba a tsakiya ake ɗora shi ba, ba kuma a kan babban kanu ba. A kan sakin layi na farko ake ɗora shi, daidai inda aka faɗi wane ne ya yi, kuma a ina. Kanu yana kira, dutse yana rufewa, mai son sani sai ya saya. Wannan kaɗai na daɗe ina koyo, saboda sai ka karanta labarin kafin ka san inda za ka rufe.

A zamanin masaƙu ba mu da lokacin wannan dabara ma. Jiniya tana kaɗawa, ma'aikata suna fitowa kamar an ɓalle madatsar ruwa, hannu ko'ina, kafin hantsi tebur ya koma katako. Sai shekarar da aka fara rufe masaƙun. Jiniya ta yi shiru. Kwantai ya yi ta taruwa, har muka san masu ƙosai da masu gyaɗa na unguwar da sunansu, don su ke sayen tsohuwar jarida su naɗe kaya. Abin mamaki, mutanen ba su daina zuwa ba. Ƙafarsu ta saba da fita da safe, kuma ba inda za su. Sai su zagaye teburin, hannu a baya, wuya a miƙe, suna karanta abin da dutse ya bari. Daga nan gardama. Mutum bai ga komai ba sai kanu, amma ya riga ya san wanda ya ci amana da wanda ya kamata a ɗaure.

Da wani mai jaridar ne, da ya kore su. Malam Garba benci ya sa aka yi musu, sannan ya kafa doka. Karatun tsaye kyauta ne. Amma duk wanda ya ɗaga dutse, shi zai karanta labarin da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, har da ragowar da aka kai shafin ciki. Ba mai katse shi. In ya gama ya mayar da dutsen, sannan kowa ya faɗi abin da ya ga dama, a kan gwamna ne ko shugaban ƙasa, ban da zagin iyaye da addinin wani. Dokar ta rage faɗa sosai, don sau da yawa kafin a kai shafin ciki wanda ya fi kowa zafi ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Da Malam Garba ya tsufa ya koma garinsu, tebur da tamfol da duwatsun da dokar ya bar mini.

Mutum uku ya kamata ku sani a wannan majalisa. Na farko Baba Bitrus, tsohon shugaban sashe a masaƙa, wanda ba wanda ya zaɓe shi amma kowa ke kiransa Ciyaman. Yana zuwa da rigarsa a goge, yana zama a tsakiyar benci, kuma shi ke rufe kowace muhawara. Na biyu Malam Iro, tela daga Makera, siriri, da tef ɗin awo a wuya. Kalmarsa ɗaya ce: "Ban yarda ba." In an ce gwamnati ta yi daidai, bai yarda ba. In an ce ta yi kuskure, bai yarda ba. Na taɓa ganin ya ƙaryata hasashen ruwan sama alhali ruwan yana ɗiga daga hularsa. Ta uku ba 'yar majalisa ba ce, amma duk a ƙarƙashinta muke: Madam Rifkatu mai kemis, wadda a barandar shagonta teburina yake tun zamanin mijinta.

Sai waya ta zo. Ba zan yi muku kukan cewa ta kashe ciniki ba, kowa ya sani. Abin da ta kashe mini wanda ya fi ciwo shi ne dokar dutse, domin labarin waya ba dutse a kansa. Mutum zai taho tun daga tsallaken titi yana ɗaga hannu, "Kun ji? Kun ji?" Ba wanda ya karanta har ƙarshe, ba wanda ya san mai rubutawa. Jarida ma tana ƙarya, na fi kowa sani, ni nake shimfiɗa ta. Amma ƙaryar jarida tana da suna a sama da adireshi a baya, kuma gobe za ka iya kawo ta ka nuna da yatsa. Ta waya marainiya ce, kowa ya ɗauka ya goya.

Wata safiya a farkon mako aka karanta labarin faɗaɗa hanya a wani gari, inda aka rushe shaguna. Ciyaman ya gyara zama ya ce a nan ba za a taɓa yin haka ba, layinmu yana da takardu.

"Ban yarda ba," in ji Malam Iro. "Kuna zaune, wata Litinin za ku ga katafila a ƙofar kemis ɗin nan, daga nan har tashar keke."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" wani ya ce.

"Kai da ko wando ba ka iya gamawa ran da ka yi alkawari, kai ne ka san ranar rusau?" in ji Ciyaman.

"Wandonka ba yadi ne ya yi kaɗan ba, Ciyaman, cikin ne ya yi yawa."

Wuri ya kaure. Wasu suka zaro waya suna neman hujja, wasu suka miƙe. Wata mata da ta zo sayen maganin tari da jariri a baya ta juya ta tafi. Madam ba ta ji abin da ake faɗa a kai ba, muryar tela kawai ta ji sama da ta kowa. Bayan an watse ta kira ni ciki.

"Ayuba, ni mai haƙuri ce, ka sani."

"Na sani, Madam."

"Nan asibiti ne ƙarami, ba filin ƙwallo ba. Zuwa ƙarshen makon nan, ko wannan telan ya bar nan, ko teburinka ya bar barandata. Zaɓi ɗaya."

Wanda bai yi sana'ar ba zai ce a ɗauki tebur a matsa gaba mana. Ba a matsar da teburin jarida. 'Yan tsirarun da har yanzu suke saya, tsofaffin malamai, wani lauya, direbobin manya da ake aikowa, ba ni suka sani ba, wurin suka sani. In suka zo ba su gan ni ba sau biyu, sun koma waya ke nan har abada. Ga inuwa, ga bakin tasha. Ba wata baranda irinta a layin.

Washegari na faɗa wa Ciyaman a hankali, don in nemi shawara. Kuskuren neman shawara wurin shugaba shi ne yana kiran taro. Kafin Malam Iro ya iso an ɗaga hannuwa, an gama: a sallame shi, kuma ni zan faɗa masa tunda teburina ne.

"Don zaman lafiya ne," in ji Ciyaman. "Mutum ɗaya ba zai hana jama'a shan inuwa ba."

Ban faɗa masa ba, kuma ba kunya kaɗai ta hana ni ba. Malam Iro bai taɓa karya dokar Malam Garba ba. In ya ɗaga dutse yana karantawa har ƙarshe, da Turancinsa na tela, yana tuntuɓe yana tashi. Bai zagi uban kowa ba. Laifinsa bai yarda ba, kuma da ƙarfi. Ni a ganina majalisar da aka kori mai cewa a'a ta zama coci ko masallaci ba tare da Allah a ciki ba, kowa sai amin. Yau in an kore shi don murya, gobe wani za a kora don ra'ayi, kuma hannuwan nan da aka ɗaga su za a sake ɗagawa. Mutum ya faɗi abin da yake so, amma da bakinsa, da fuskarsa, a inda za a iya ce masa ƙarya kake. Iyakar siyasata ke nan.

Abin da na iya yi shi ne na sanar, ina kallon ƙasa, cewa daga yau waya ma tana ƙarƙashin doka. Mai labari a waya zai ajiye ta a tebur, a ɗora dutse, ya ɗaga, ya karanta har ƙarshe, sannan ya faɗi wanda ya turo masa. Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce in gilashinsa ya tsage ni zan biya. Malam Iro ya ce bai yarda dokar za ta yi aiki ba. Hayaniya ta ɗan ragu, amma Madam ba ta janye maganarta ba. Kullum in ta buɗe shago sai ta dubi tela, ta dube ni.

Ranar Asabar na iso na tarar da kwalaye a barandar. Na ɗauka nawa ne aka fara fitarwa. Ashe nata ne. Madam tana ta kwashe magunguna daga kanta, ɗankwali a karkace, ta riga ta aika a nemo mata mota. Majalisa ta taru tana kallo. Madam ta fito da waya a hannu.

"Kuna nan kuna surutu! Jibi za a rushe layin nan gaba ɗaya. Ga shi an turo mini. Ayuba, kai ma kwashe katakonka."

Benci ya ruɗe. Mai shagon taya na kusa ya fara kiran ɗan'uwansa. Ni kuwa, ban san inda na samo muryar ba, na ce, "Madam, a ajiye ta a tebur."

"A ajiye me?"

"Wayar. Doka ce."

"Ayuba, a barandata kake kafa mini doka?"

"Ban yarda da labarin ba," in ji Malam Iro daga ƙarshen benci. "A ɗora dutse."

Ina jin don ta kunyata shi ne ta yarda. Ta ajiye wayar tana cewa ɗanta ne ya aiko mata da ita, in ta tsage sai mun sayar da keken ɗinki. Na ninke tsohuwar jarida na shimfiɗa a kan gilashin, na ɗora dutse mafi santsi. Ta ɗaga, ta sa tabarau, ta fara.

"Da ɗumi-ɗumi. Wata majiya mai tushe ta tabbatar cewa ranar Litinin katafila za ta iso Kakuri, za a fara daga ƙofar kemis har zuwa tashar keke. Duk mai shago ya kwashe kayansa. Ka tura wa wasu, kada ka yi rowa."

Tun daga katafila na ji kamar na san wannan murya. Ta mayar da dutsen da ƙarfi.

"To, ga shi. Sai me?"

"Wa ya turo, Madam?" na tambaya.

Ƙanwarta ce, ta Sabon Tasha. Aka ce a kira ta. Madam ta kira ta sa a sifika, aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi ciwon ƙafa, sannan aka zo kan magana. Ƙanwar ta ce a guruf ɗin zumuntar mata ta gani.

"Wa ya sa a guruf ɗin?"

"Bari in duba, Yaya. Yawwa. Maman Istifanus ce. Matar Baba Bitrus na wajenku."

Duk kawuna suka juya tsakiyar benci. Ciyaman yana kallon wata jaridar ƙwallo kamar yau ya fara ganin ƙwallo.

"Baba Bitrus," in ji Madam a hankali, "ina matarka ta samo?"

Ya yi tari. Ya ce shi dai ranar da aka yi gardamar nan, da ya koma gida abin ya tsaya masa a rai, sai ya rubuta wa maman yara cewa ta gaya wa 'yar'uwarta mai shago ta yi hattara, don an ce wata Litinin za a iya kawo katafila. Hattara kawai ya ce.

"Ni ban sa da ɗumi-ɗumi ba! Ban sa majiya mai tushe ba! A hanya aka ƙara."

"Wa ya ce za a kawo katafilar?"

Ciyaman ya nuna ƙarshen benci da haɓa.

Malam Iro ya miƙe a hankali, ya gyara tef ɗin wuyansa kamar mai karɓar lambar yabo. "Jama'a, ku shaida. Shekara da shekaru a bencin nan ana ce mini maƙaryaci. Ashe a Sabon Tasha ni ne majiya mai tushe."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har kwandastan wata bas ya leƙo yana tambayar ƙwallon wa aka ci. Madam kaɗai ba ta yi ba, tana kallon kwalayenta. Nan take hannuwan da aka ɗaga a kan tela suka sake tashi, wannan karon a kan Ciyaman. A kore shi, ya tayar da hankalin unguwa, ya sa mace ta kwashe shago.

"Su biyun duka," in ji Madam. "Mai faɗa da mai turawa. Ko su, ko tebur."

Ciyaman ya fara laluben sandarsa. Sai muka ji daga ƙarshen benci:

"Ban yarda ba."

"Kai kuma da me ba ka yarda ba?" in ji Madam. "Baba Bitrus ɗin nan ne fa ya sa aka ɗaga hannu a kore ka, ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Madam, tela ake ɓoye wa magana? Amma dubi nan. Abin da na faɗa a bencin nan, a nan aka ƙaryata ni, har aka zagi ɗinkina, magana ta mutu. Da ya tafi gida shi kaɗai, ba mai ce masa a'a, ga abin da ya haifar. Yanzu ki kore shi ya zauna a gida da waya tun safe har yamma? Wallahi kafin wata ya ƙare sai ya rushe gadar Kaduna. Ki bar shi a nan inda nake ganinsa."

Madam ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dubi Ciyaman, wanda ya tsufa da shekara goma a zaune.

"Baba, tashi. Kwalayen nan kai za ka mayar, kuma kowane magani inda yake. In ka gama ka rubuta cewa ba gaskiya ba ne, ka sa sunanka cikakke, ka karanta mana a nan kafin ka tura." Ta juyo gare ni. "Kai kuma, in na sake jin ihu, dutsen nan a kanka zan ɗora."

"To, Madam. Teburin fa?"

"Wa ya ce ka taɓa shi?"

Ta shige ciki da dutsen a hannunta, kuma har yau bai dawo ba. Yana kan kantarta kusa da ma'auni. In mutum ya shigo da waya yana cewa an turo masa wani haɗin da ke maganin hawan jini da basir da ciwon baya a lokaci ɗaya, sai ta tura masa dutsen ta ce, "Ajiye. Karanta mini har ƙarshe."

Ciyaman ya rubuta gyaran, ya karanta a tsaye, ya tura. An ce mutum kaɗan ne suka tura shi gaba. Saƙon farkon kuwa har yanzu yana yawo, kwanan baya ya dawo mini daga Kakau, an canza kemis ya zama gidan mai.

Ranar Litinin ɗin Madam ta buɗe shago kamar kullum. Malam Iro ya iso da hantsi, Ciyaman ya matsa masa wuri a benci ba tare da ya dube shi ba, sannan ya nuna titi da sanda.

"To, majiya mai tushe. Ina katafilar?"

Malam Iro ya dubi titin dama da hagu, ya zauna, ya miƙa hannu ya ɗaga dutsen da ke kan jaridar farko.

"Ban ce wace Litinin ba," in ji shi. "A yi shiru, zan karanta."